Talata, ranar da sanda ta zama zobe

Ina idar da sallar asuba na kunna kwamfuta. Gwajin farko shi ne wanda duk mai rubuta manhajar lissafin gini gunduwa-gunduwa ya sani: miƙaƙƙiyar sanda, an kafe gindinta, ana lanƙwasa bakinta. Lissafin takarda ya ce idan ƙarfin lanƙwasar ya kai 2πEI/L (EI taurin sandar wajen lanƙwasa, L tsawonta), dole ta naɗe ta zama cikakken zobe. Na raba ta gunduwa goma, ina ƙara ƙarfin kaɗan-kaɗan, a kowane mataki hanyar Newton ta maimaita lissafi tana ta gyara amsar har ragowar kuskuren ta kusa sifili. Kafin ƙarfe tara baki ya taɓa gindi. Alhamdu lillahi.

Sai dai wannan a shimfiɗe ne, inda digiri 30 da digiri 20 suke ba da 50 ba gardama. Aikina na gaske yana inda abu ke da tsawo da faɗi da tsayi.

Da hantsi wani ɗalibin digiri na biyu ya leƙo ɗakinmu, ya tsaya a bayana yana kallon allon. Ya ce, "Yaya, ba akwai maɓallin wannan a Abaqus ba? Ka danna ka huta mana." Yana nufin manhajar da ake saya don irin wannan lissafi. Na ce ya miƙo wayarsa. Na kwantar da ita a tebur, fuska sama, na tayar da ita tsaye, sannan na juya ta hagu: ga ta tsaye da tsawonta, fuskarta na kallon gefe. Na mayar da ita yadda take, na fara juya ta hagu kafin na tayar: sai ga ta kishingiɗe a kan haƙarƙarinta, fuskarta na kallonmu. Juyi biyun ba su canja ba, wanda aka gabatar ne kawai ya bambanta. Ya karɓa ya maimaita da hannunsa, ya ce "Ikon Allah!" Na ce masa to wannan ne ya sa ba a tara babban juyi yadda ake tara lambobi, kuma mai danna maɓalli ya kamata ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a lissafin ƙaramin motsi, wato wanda ke ɗauka cewa abu kaɗan kawai zai motsa, shi ne yana ƙirƙirar wahalar da babu ita. Ka juya ƙarfe digiri 10 kawai, ba ka ja shi ba, ba ka matsa shi ba, lissafin zai ce ya tsuke da kusan kashi 1.5 cikin 100. Alhali ƙarfen gini yakan fara sallamawa tun bai kai kashi 0.2 ba. Fukafukan injin iska na yanzu, waɗanda wasunsu sun wuce mita 100, da bututun da ake sauke wa ƙasan teku, duk lanƙwasa suke sosai, kuma dukiya da rayuka ne ke jingine da amsar.

Hanyar da nake bi ita ce kowace gunduwa tana da ma'aunin da ke juyawa tare da ita. A cire juyin jiki gaba ɗaya, abin da ya rage na ainihin lanƙwasa ƙarami ne. Juyin kowace gaɓa kuwa, wato inda gunduwoyi suka haɗu, da lambobi huɗun da masanin lissafi Hamilton ya ƙirƙiro a 1843 nake adana shi, domin lambobi uku sukan rikice idan an kai digiri 360.

Bayan azahar na koma kan aikin masana Simo da Vu-Quoc na 1986 kan lissafin sanda mai babban juyi. Shekaru ana gini a kansa, sai a 1999 Crisfield da Jelenić, a Landan, suka nuna cewa yadda ake raba juyi tsakanin gaɓoɓi yana sa amsa ta dogara da matakan da aka bi, kuma juyin jiki zalla yana iya haifar da miƙewar ƙarya. Ina girmama mutanen nan huɗu matuƙa, masu ginin da masu binciken.

Don haka da la'asar na yi wa tawa manhajar wannan gwajin: na juya sandar dungurungum ba tare da nauyi ba. Miƙewa ta tsaya a sifili, in ban da ƙurar lissafin kwamfuta. Yanzu na ɗora mata lanƙwasasshiyar sandar gwaji ta masana Bathe da Bolourchi ta 1979, mai kwanar digiri 45, wadda ake tura bakinta gefe har ta lanƙwashe ta kuma murɗe. Zan gudanar da ita da manyan matakai, in sake da ƙanana, in ga ko bakin zai sauka wuri ɗaya. Ranar Alhamis Malam yake son ganin sakamakon, kuma na san tambayar da zai fara yi ke nan.