Kaurin katifa ba shi ne ƙarfinta ba

A kasuwa, musamman wajen haɗa kayan ɗakin amarya, ana zaɓen katifa ne da ido: wadda ta fi tsayi a kan gado ita ake ɗauka. Sai ka ga katifa mai inci 18 ta yi rami a tsakiya kafin shekara ta zagayo, alhali mai inci 8 tana nan garau. Abin da ke riƙe jiki shi ne cikar soson, wato yawan kilo a kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi. Wannan yawan kilon shi ne lambar soso. Soso mai lamba 18 ko ƙasa da haka iska ta fi yawa a cikinsa, yara da gadon baƙi ya dace da su. Babban mutum mai kwana a kai kullum ya nemi 25 zuwa 30, wanda ya haura kilo 90 kuma kada ya sauko ƙasa da 30.

Idan mai shago bai faɗi lambar ba, a ɗaga katifar. Mai ƙafa 6 da 6, kauri inci 10, in sosonta 30 ne za ta kai wajen kilo 25; in 18 ne, da ƙyar ta wuce 15. Ga ma'aurata kuwa, nauyin wanda ya fi jiki ake dubawa.

Sai yadda mutum yake kwanciya. Mai kwana ta gefe yana buƙatar sama mai ɗan laushi don kafaɗa da ƙugu su nutsa, ƙashin baya ya miƙe. In ta yi tauri da yawa, zai farka hannu ya mutu. Mai rigingine matsakaiciya ce tasa. Mai rub-da-ciki ya ɗauki mai tauri, domin in ciki ya lotsa, ƙugu ne ke lanƙwashewa har gari ya waye.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa mai ciwon baya sai katifa kamar katako. Ban yarda da ita ba. Binciken da aka yi a Sifen, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2003 kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ya nuna matsakaicin tauri ya fi sauƙaƙa ciwon a kan mai tauri sosai. Tsofaffi da siraran mutane sun fi kowa shan wuya a kan mai tauri, don ƙashi ne ke gogar katifa kai tsaye.

Kada a ji kunyar gwaji a shago. Danna ta da hannu ba ya nuna komai. A kwanta minti 10 yadda aka saba, sannan a yi rigingine a zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugu. In ya shige sakayau, ta yi tauri. In ya ƙi shiga sam, ta yi laushi.

Soson nan mai ɗaukar siffar jiki yana riƙe zafi, a yi tunani kafin a kai shi ɗakin da babu sanyaya iska a watan Afrilu. Ledar kamfani ma a cire ta, tana tara gumi da fumfuna. Katakan gado kada ratarsu ta wuce santimita 7, in ba haka ba soson zai riƙa shiga tsakaninsu yana tsagewa. A juya kai zuwa ƙafa duk wata 3, a kuma adana rasit da takardar garanti, don ba a karɓar ƙorafi sai da su.