Guangzhou a idon wanda bai je sarin kaya ba

A Bauchi, idan mutum ya ce zai tafi Guangzhou ta ƙasar Sin, tambayar farko da za a yi masa ita ce wane kaya zai saro, domin yawancinmu mun san birnin ne ta bakin 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal, waɗanda ke zuwa su dawo da wayoyi da takalma da yadudduka. Ni kuwa da jakar goyo guda na je, babu dillalin da zai tarye ni, babu kwantenar da zan cika, kuma na gane cewa abin da ɗan kasuwa ke gani a can ƙaramin yanki ne na birnin da ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutum fiye da miliyan 18.

Tun daga filin jirgin sama na Baiyun baƙo zai fahimci cewa komai ya rataya a kan wayarsa. WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar Sin, sannan hatta mai sayar da ayaba a bakin hanya ya fi son a biya shi ta WeChat ko Alipay, ko da yake takardar yuwan, kuɗin ƙasar, tana nan tana aiki. Ya fi kyau mutum ya sauke waɗannan manhajoji, ya haɗa su da katin bankinsa tun yana gida. Doka ta kuma wajabta wa baƙo ya yi rajistar masaukinsa da 'yan sanda cikin awa 24. Otal yakan yi wa mutum wannan, amma wanda ya sauka a gidan aboki shi zai yi da kansa.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1997, shi ne gatan mai ƙaramin guzuri. Kuɗinsa yana farawa daga yuwan biyu, ana rubuta sunayen tashoshi da haruffan boko a ƙarƙashin na Sinanci, kuma a kowace ƙofa sai an saka jaka a na'urar bincike. Da shi na isa Xiaobei, unguwar da Afirkawa suka fi taruwa, inda na ji ana ciniki da Hausa a gindin benen Tianxiu tun ban sauke jakata ba. A nan na haɗu da wani dattijo Bakano wanda ya daɗe yana zuwa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya dube ni ya ce, “Malam, yawon buɗe ido a garin da ake neman kuɗi?” Na ce, “Alhaji, kowa da kiwon da ya karɓe shi.” Ya yi dariya, ya saya mini shayi, sannan ya shaida mini cewa duk zuwansa bai taɓa taka bakin kogin garin ba. Ban ga laifinsa ba, domin Xiaobei tana ba mutum abincin halal da abokin hira da mai canjin kuɗi a wuri guda, har ya rasa dalilin fita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masallatai. A wani tsohon titi mai suna Guangta akwai masallacin Huaisheng, wanda ake ƙidaya shi cikin mafiya tsufa a ƙasar Sin. Rufinsa na tangaran ne mai lanƙwasassun kusurwoyi irin na ginin Sinawa, ta yadda mai wucewa ba zai ɗauka masallaci ba ne, sai dai hasumiyarsa, doguwa mai zagaye, mai launin toka, wadda babu ado ko ɗaya a jikinta, tsayinta kimanin mita 36. Musulmin garin suna riwaitar cewa sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne ya kafa shi a zamanin daular Tang, har akwai kabarin da suke danganta masa a masallacin Xianxian, kusa da lambun Yuexiu. Littattafanmu na tarihi kuwa sun nuna cewa Sa'ad ya rasu ne a kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a, kuma wannan na fi gamsuwa da shi. Abin da babu jayayya a kansa shi ne fataken Larabawa da Farisawa sun zauna a wannan tashar ruwa tun ƙarnoni masu yawa kafin Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi. Ranar Juma'a a Xianxian sahu yakan fito har harabar waje, Bahaushe kusa da Bayamale kusa da Basine mai farar hula, bayan an idar kuma masu gashin tsiren rago da masu gurasa su cika bakin titi.

A wajen Xiaobei, abinci yana bukatar lura, domin naman alade yana shiga girkin mutanen Kanton (tsohon sunan Guangzhou a bakin Turawa) da yawa, har da romo. Mafitata ita ce shagunan taliyar Lanzhou, masu koren allo, waɗanda Musulmin arewa maso yammacin ƙasar ke riƙe da su. A gabanka mai girki zai ja curin kwaɓi, ya ninka, ya sake ja, har ya zama siraran zare, ya jefa a tafasasshen ruwa, ya zuba romon naman sa da barkono. Ruwan shan da za a kawo maka mai zafi ne, komai zufar da kake yi. Ƙaramar buta kuma ta cancanci gurbi a jaka, saboda yawancin bandakunan jama'a ba a tanadi abin tsarki ba.

Hasumiyar Kanton, mai tsayin mita 600, na kalle ta ne daga jirgin fito na kogin Zhujiang, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon taliya ba, ban kuma ga dalilin biyan kuɗin hawa ba. Tsibirin Shamian, inda Turawan Ingila da Faransa suka zauna a ƙarni na 19, ya isa yawon yamma ɗaya. Wanda zai je da guzuri irin nawa ya kauce wa watan Afrilu da Oktoba, lokacin baje kolin Kanton da ake yi tun 1957, domin a makonnin nan kuɗin ɗaki yakan tashi sosai, har ƙananan masaukai ma su cika.