Tarwada a tsohon tankinmu

Tankin simintin da ke binne a tsakar gidanmu nan Yamai, tun da famfo ya iso unguwa yake zaune banza. Yanzu tarwada ke ciki. Murfin muka fasa, muka shimfiɗa raga saboda yara.

Tarwada na zaɓa don tana leƙowa sama ta shaƙi iska, karfasa kam ba ta jure ramin nan. Ko a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ruwan da sanyinsa.

Canjin ruwa ne aiki. Sai da injin jan ruwa, in an ɗauke wuta kuwa wari har zaure! Ruwan famfo ma sai ya kwana maganinsa ya fita kafin a zuba. Tsohon ruwan, zogalen Inna ke sha.