Daren da ɗan jinkiri ya hana Atlanta kofin besbol na 1991

Ranar 27 ga Oktoba 1991, a filin Metrodome na birnin Minneapolis a Amurka, ƙungiyar Minnesota Twins ta doke Atlanta Braves da ci 1 da nema a wasa na bakwai na gasar World Series, karawar ƙarshe da ke fitar da zakaran besbol na Amurka. Dukansu biyu su ne na ƙarshe a rukuninsu a kakar 1990, sai ga su a wasan ƙarshe. Turmi tara aka saba yi, amma sai da aka shiga na goma kafin a ga maki. Jack Morris, mai jifan Twins ɗan shekara 36, shi ya jefa turmin goma gaba ɗaya, jifa 126. Koci Tom Kelly ya so ya sauke shi bayan na tara, ya ƙi sauka.

A ganina, tun a turmi na takwas wasan ya yanke.

A besbol, mai bugu yana cin maki ne idan ya zagaya tashoshi uku ya dawo gida, wato inda ya yi bugun, kuma idan aka fitar da mutum uku damar ƙungiya a turmin ta ƙare. Lonnie Smith na Atlanta yana tasha ta farko, ba a fitar da kowa ba tukuna. Abokin wasansa Terry Pendleton ya narka ƙwallo ta ratsa tsakanin masu tsaron baya, ta dangana da bango. Tsakanin tasha da tasha ƙafa 90 ne, kusan mita 27, kuma da irin wannan bugu mai gudu kamar Smith ya kamata ya zagaya har gida ya ci. Sai dai bai ga inda ƙwallon ta nufa ba. Chuck Knoblauch da Greg Gagne, masu tsaron Twins, suka yi kamar tana hannunsu, suna miƙa wa juna iska. Smith ya ja birki bayan tasha ta biyu yana waige-waige, kafin ya farga tasha ta uku kawai ya samu. Shi dai ya ce ƙwallon ce ta ɓace masa, ba dabararsu ce ta ruɗe shi ba. Ko ma dai yaya ne, ƙa'idar ɗaya ce: idan ƙwallo ta ɓace wa mai gudu, kocin da ke tasha ta uku zai duba, don aikinsa ke nan.

Duk da haka dama tana nan: mutum biyu a tasha, ba wanda ya fita. Ron Gant ya buga mai rauni aka fitar da shi. Aka bar David Justice ya wuce da gangan don tashoshi su cika, domin idan sun cika ba sai an taɓa mai gudu da ƙwallo ba, taka gida ya isa. Sid Bream ya buga ta ƙasa wajen Kent Hrbek na Twins, mai tsaron tasha ta farko, Hrbek ya jefa wa Brian Harper a gida, Harper ya maido masa. Biyu suka fita a bugu ɗaya, suka cika uku, damar Atlanta ta ƙare ba maki.

A turmi na goma, sandan Dan Gladden na Twins ya karye, ƙwallon ta faɗi kusa ta yi tsalle, shi kuwa bai tsaya ba sai tasha ta biyu. Knoblauch ya sadaukar da kansa ya kai shi ta uku. Atlanta ta cika tashoshi da gangan, ta jawo masu tsaron baya kusa, tunda ko sun cafe ƙwallo daga nesa Gladden zai riga ta isa gida. Gene Larkin ya ɗaga jifar farko ta Alejandro Peña, mai jifan Atlanta, ta wuce kansu, Gladden ya taka gida.