Sana'ar Sola: Lissafi Kafin Hawa Rufi

Shagona ƙarami ne a Kano, ni da yara uku da nake koya wa aiki. Muna haɗa wutar sola a gidaje da shaguna da masallatai. Son labarin sararin samaniya ne ya jawo ni cikin wannan sana'a. Tun ina sakandare, duk takardar da ta yi zancen taurari da kumbo sai na karanta ta. A nan na fara cin karo da labarin Vanguard 1, tauraron ɗan Adam da Amurka ta harba a 1958, wanda ya riƙa aiko saƙo da ƙarfin hasken rana har 1964. Shekara huɗu kacal kafin harba shi, a 1954, masana a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka suka fito da ƙwayar sola ta silikon wadda ke mayar da kusan kashi 6 cikin ɗari na haske zuwa lantarki. Farantan solar da nake ɗora wa mutane yau sun haura kashi 20. Har gobe idan na ɗauki faranti a kafaɗa, wannan tarihin yana faɗo mini a rai.

Kasuwa ta buɗe mana sosai bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Masu janareto suka fara zuwa da kansu.

Mutane suna zaton wahalar aikin a hawa rufi take. A wurina lissafi ne ginshiƙi. Kafin in taɓa waya, sai mun zauna da maigida mun ƙirga komai: fanka nawa, firji nawa, awa nawa kowanne ke aiki. Fankar sama tana cin wat 70 ko kusa da haka, amma dutsen guga ɗaya yana iya jan wat 1,000. Wani Alhaji ya taɓa kirana ransa a ɓace, wai batirinsa ba ya kai asuba. Da na je, na tarar an jona hita ana dafa ruwan wanka da ita. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu saka wannan a lissafi ba." Laifin rabi nawa ne, domin da maigida kaɗai na yi magana, ban tambayi uwargida abin da take kunnawa ba. Yanzu ba na tashi daga gida sai na ji ta bakin masu kicin.

Batirin ruwa ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi, kuma yana buƙatar a riƙa ƙara masa tataccen ruwa. Na litiyam ya fi juriya, sai dai kuɗinsa. Farantai kuwa kudu muke fuskantar da su, da ɗan karkata wajen digiri 12, daidai da matsayin Kano a doron ƙasa. Idan hunturu ya kama, ƙura takan lulluɓe su caji ya ragu, don haka nake roƙon kowa ya goge da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Ranar da aiki ya kai mu magariba a kan rufi, nakan fito da madubin hangen nesa da ke jakata, in nuna wa yaran ramukan da ke fuskar wata. Ƙaramin cikinsu ya riga ya fara tambayata yadda farantan kumbo ke samun sanyi a inda babu iska.