Asabar a kan dutsen Mikuma

Yau dai na hau gidan yaƙin Sumoto a Japan. Bas na shiga daga Sannomiya a Kobe, muka haye gadar Akashi Kaikyo zuwa tsibirin Awaji, daga cikin gari kuma na kama hawan dutsen Mikuma da ƙafa. Tsayinsa mita 133 ne kacal, amma hanyar cikin kurmi take, ga ta a tsaye, sai da numfashi ya nemi gagarata.

A ƙoli kowa ya juya wayarsa ga wata farar hasumiya. Ta siminti ce, a 1928 aka gina ta don murnar naɗin Sarki Hirohito, babu abin da ya haɗa ta da masu wurin na asali. Ni kam ba ta burge ni ba.

Dangin Atagi ne suka kafa wurin a 1526, mutanen teku masu jiragen yaƙi, a ƙarƙashin gidan Miyoshi. Sai da na tsaya bakin ganuwa na gane dabararsu: tekun Osaka shimfiɗe a gabanka, duk jirgin da ya gifta sai an gan shi. Shugabansu da ya fi suna, Atagi Fuyuyasu, ba ma jininsu ba ne. Ƙanen Miyoshi Nagayoshi ne, shugaban gidan Miyoshi, aka kai shi riƙo ya gaji gidan, a 1564 kuma wan nasa ya sa aka kashe shi. Jini ɗaya fa! Da rundunar Hideyoshi, wanda daga baya ya mulki Japan, ta ci Awaji a 1581, zamanin Atagi ya ƙare a nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk zagayen da na yi ban ga wani abu da zan nuna in ce aikin hannunsu ne ba. Manyan ganuwar duwatsun nan yawancinsu na Wakisaka Yasuharu ne, wanda aka ba wurin a 1585. Shi ma jagoran jirage ne, shi ne Yi Sun-sin, kwamandan jiragen yaƙin Koriya, ya yi wa kaca-kaca a yaƙin teku na Hansan a 1592. A gini dai ya yi gwaninta. Akwai ganuwa biyu, gabas da yamma, da suka gangara daga ƙoli zuwa gindin dutse daki-daki kamar matakala, don kada maƙiyi ya ratso ta gefe. Irinsu kaɗan ne a Japan, akwai a gidajen yaƙin Hikone da Matsuyama. Na daɗe zaune kusa da ta yamma ina kallon yadda saiwoyi suka kutsa tsakanin duwatsun, ina tunanin talakawan da suka yi dakonsu zuwa nan.

Na yi azahar a wani fili ƙarƙashin itace, sannan na sauko ta wajen gaɓar Ohama. Kafin bas ta zo na sayi albasar Awaji da ake ta yabo. Da miyar dare za mu ga ko ta kai yadda ake faɗa.