Aji ɗaya, kuɗi biyu

Ɗan yayata ya same ni a fada bayan la'asar, nan Yamai, ya miƙo mini wayarsa bai ce uffan ba. Takardar kuɗin rajista ce ta wata jami'ar gwamnati a Faransa, farashi biyu a jere. Na ce masa ai tun 2019 aka raba: a shekarar, ɗan Tarayyar Turai yuro 170 ya biya don lisans (digiri na farko), wanda ya fito daga waje kuma 2,770, wato sefa miliyan ɗaya da jaka ɗari takwas da ɗoriya. Ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya tsaya kan layin ƙasa. "Kawu, amma ɗan Gwaggo da ke Lyon ƙaramin yake biya, kuma fasfonmu iri ɗaya ne." Shayi ya yi ta tafasa har ya zube kan gawayi ina neman amsa.

Gaskiyarsa ne. Wancan iyayensa sun haura shekara biyu cikin rajistar haraji a can, don haka doka ta lissafa shi kamar ɗan gida, haka ma mai katin zama na dogon lokaci da ɗan gudun hijira. Hujjar hukumomin Faransa na gane ta, masu biyan haraji ne ke riƙe da jami'o'in, amma faɗinta ga yaron da ya kwana kan littafi har ya ci bak ɗinsa, jarrabawar gama sakandare, ya yi mini nauyi. Wasu jami'o'in kan yafe bambancin ga wani kaso na ɗalibai, na ce ya bincika su tukuna. Ni dai tun ɗazu lissafi nake, ko shanun babansa da ke Tawa za su biya ko da shekarar farko.